Kukan Kaji Ba Hayaniya Ba Ne, A Riƙa Saurara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a bani ɗan fili a shafin wasiƙu, magana ce da nasan wasu suna ganin kanta zasu yi dariya su wuce, wai kukan kaji. Duk sanda aka yi rubutu dan masu kiwon kaji a gida abu uku ake ta nanatawa, abinci da allurar rigakafi da tsaftar akurki, kuma ban ce a daina ba dan duk gaskiya ne. Amma akwai asarar da babu allurar da ke maganinta. Kaza zata ƙyanƙyashe wa mutum 'yan tsaki gwanin sha'awa, kafin su gama fitar da gashi sun koma biyu ko uku, in ka tambaye shi yace wallahi shi bai san yadda aka yi ba, alhali kajin sun faɗa masa, sun faɗa da ƙarfi ma, shi ne dai yana ɗaki yana tsaki yana cewa kajin nan sun cika damun mutane.

Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne kukan tsoro a wajen kaza ba iri ɗaya bane. Manyansa biyu ne, kuma kowanne yana gaya maka ta ina bala'in yake tahowa, ta sama ko ta ƙasa. Masu iya magana da suka ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, ai sun riga sun raba maƙiyan kaza gida biyu, to ita ma kazar haka ta raba su a bakinta, kukan muzuru daban na shaho daban.

Na ƙasa shi ne wanda kowa ya sani dan shi ne mai cika gida. Kut-kut-kut-kut-kwaaak, a yanke a yanke, ana maimaitawa ba ƙaƙƙautawa, ɗaya ta fara sauran su karɓa har kajin maƙwabta su shigo ciki. In ka leƙa zaka ga ba wadda ta ɓuya, kowacce ta miƙe tsaye ta ɗaga wuya iya tsawonsa tana waige-waige, wasu su yi tsalle su haye katanga ko reshe ko duk wani abu mai tudu su ci gaba da kukan daga can. Kare ne ya shigo, ko mage, ko maciji a gindin tulin itace, ko wani baƙon mutum da basu saba gani ba. Abin da zai taimake ka anan shi ne ka duba wajen da suka zuba wa ido, dan sau da yawa sukan tsaya nesa kaɗan su kewaye abin suna leƙensa, musamman in maciji ne, kai ma sai ka bi inda suke kallo maimakon ka fito da tsintsiya kana korarsu.

Na sama kuwa shi ne mutane suka fi rasawa, kuma shi ne ya fi cin 'yan tsaki. Sauti ne guda ɗaya mai ja, siriri, krriiiii, na wani zakaran da ɗan kaushi na wani kuma kamar ƙarar ƙofar da ta daɗe bata ga mai ba, baya jimawa kuma ba a karɓa masa yadda ake karɓar wancan. Abin da ke biyo bayansa shi ne shiru. Ka tsaya ka kalli uwa da 'ya'yanta a irin wannan lokacin, tana tono suna bin ƙafarta, wasu sun bazu kowa da abin da yake tsattsaga, sai kawai sautin ya fito, kafin ka ƙifta ido filin ya zama wayam. Wanda yake kusa da uwar ya shige ƙarƙashin fiffikenta, wanda ya yi nisa ya lafe a inda yake ya manna ciki da ƙasa ko motsi baya yi, har kana iya zuwa kansa baka gan shi ba. Manyan kuma su rage tsawo su kwantar da gashi su ruga ƙarƙashin abin da ya fi kusa, sannan su karkata kai gefe guda, ido ɗaya yana kallon sama. Karkata kan nan ba iyayi bane, idon kaza a gefen kai yake, in tana son ganin abin da ke bisa kanta dole sai ta kwantar da kan. Wata farfesa a Ostireliya, Lesley Rogers, wadda ta daɗe tana bincike kan ƙwaƙwalwar 'yan tsaki, ta nuna ma idanun biyu sun raba aiki ne, na dama ya fi iya tantance tsaba daga tsakuwa, na hagu ya fi saurin hango maƙiyi.

Dalilin da yasa kukan ya bambanta ba wuyar ganewa. Muzuru da dila da ire-irensu mafarautan sanɗa ne, duk jarinsu kada a gan su, da zarar an gan su an yi musu ca to farautar ta lalace rabi. Dan haka kukan ƙasa ba 'yan uwa kawai ake yi wa ba, har da shi maƙiyin, ana ce masa mun ganka fa, kar ka wahalar da kanka. Shi kuwa shaho ba a yi masa wannan rashin kunyar, yana sama yana ganin komai, saukowarsa 'yan daƙiƙu ne, wanda ya ɗaga murya ya tona inda yake shi za a fara sura. Tun 1955 Peter Marler, masanin halayyar dabbobi haifaffen Ingila da ya koma aiki a Amurka, ya yi bayanin cewa sauti siriri mai ja wanda ya fara a hankali ya ƙare a hankali yana da wuya kunne ya gane ta inda ya fito, shi kuwa mai yankewa kut-kut nan take ake gane wajen da yake. Daga baya an lura ko a cikin kukan saman akwai dabara, zakara yakan fara na farko da ɗan gajeren sauti mai ƙarfi dan kowa ya ankara, in zai sake kuma sai ya jefar da wannan farkon ya bar siririn kawai.

To kaga kenan hayaniyar da ta fi tayar wa mai gida hankali ba ita ce ta fi gaggawa ba. In kaji sun cika gida da kwakwazo kana da ɗan lokaci ka sa takalmi ka ɗauki sanda. In kuwa suna cikin harkarsu ka ji tsakar gida ta yi tsit lokaci guda, to wannan shi ne lokacin fita da gudu, ko tsayuwarka a fili kawai tana isa ta sa shaho ya canza shawara.

Kar wani yace tatsuniyar masu kiwo ce, an gwada. A 1993 Christopher Evans da Linda Evans tare da shi Marler ɗin suka fitar da sakamakon wani gwaji da ni dai yana burge ni saboda sauƙinsa. Sun sa zakara a keji suka nuna masa bidiyo, wani lokaci hoton shaho yana giftawa a allon da ke saman kansa, wani lokaci wata dabbar Amurka mai cin kaji da ake kira rakun a allon da ke gefensa, kowanne ya jawo irin nasa kukan. Sai suka ɗauki kukan a rikoda suka kunna wa kaji mata ta lasifika, babu shaho babu rakun babu komai a ɗakin sai sauti. Da aka kunna na sama kajin suka duƙa suna kallon sama suna neman wajen shigewa, da aka kunna na ƙasa suka miƙe suna duba gefe da gefe. Wato saƙon yana cikin sautin kansa, ba sai kaza ta ga abin da idonta ba. Kafin nan a 1980 an riga an gano irin haka a wajen wasu birai a dajin Amboseli na ƙasar Kenya, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Marler suka nuna biran suna da kuka daban na damisa, daban na mikiya, daban na maciji, kuma kowanne da irin gudun da ake yi masa. Duniya ta yi ta mamakin birai, ashe abin yana nan a bayan ɗakin kowa.

Kuma fa biyun nan kaɗan ne daga ciki. Nicholas Collias, wani masani a Amurka, ya lissafa kuka iri 24 a 1987 a wajen kazar dajin kudu maso gabashin Asiya, wadda daga ita kajin gida suka samo asali. Abin da ya ƙara bani mamaki ba koya musu ake yi ba. Masakazu Konishi ya nuna tun 1963 cewa ko ɗan tsakon da ya tashi baya ji yana girma ya yi kukan kaji daidai yadda sauran ke yi, saɓanin tsuntsaye masu rera waƙa da sai sun ji na manya sun kwaikwaya. Dan haka wanda kajinsa na inji ne basu taɓa ganin uwa ba kar ya ce nasa basu iya ba, sun iya, illa dai wanda aka ƙera dan nama jikinsa ya yi masa nauyi, ko ya ji ba lallai ƙafa ta kai shi ba.

Yanzu bari in zo kan zakara, dan anan ne labarin ya fi daɗi kuma anan ne na fi son a tsaya. Yawancin kukan sama shi yake yinsa, amma ba haka kawai yake yi duk sanda ya ga inuwa ba. Binciken da Marcel Gyger da Stephen Karakashian da Marler suka yi a wajejen 1986 zuwa 1988 ya nuna zakaran da yake shi kaɗai in shaho ya gifta yakan duƙa ne ya kalli sama ya ja bakinsa ya yi gum, da wuya ka ji ya yi kuka. Kawo masa kaza ka ajiye kusa da shi, sai ya fara. Aka sa masa salwa maimakon kaza, ya koma kamar yana shi kaɗai. Wato sai ya duba ya ga akwai nasa a wajen kafin ya sa ransa a hatsari. Shi kuwa kukan ƙasa ko shi kaɗai ne yana yi, wanda ya yi daidai da maganar da na yi a baya cewa har da maƙiyin ake yi wa.

Bai tsaya nan ba. Bayan Christopher Evans ya koma Jami'ar Macquarie a birnin Sidni, shi da ɗalibansa sun gano zakaran da ya fi yawan yin kukan gargaɗi shi ne ya fi samun barbara da 'ya'ya a garke, kuma zakaran da ya samu barbara kwanan nan ya fi ƙwazon yin kukan, kaga akwai lissafi, 'ya'yansa yake karewa tun suna cikin ƙwai. A 2010 kuma suka fitar da wani da ya bani dariya, babban zakara yana tsawaita kukan ne in yana kusa da mafaka, haka kuma in akwai wani ƙaramin zakara kusa da shi, dan in shahon ya sauko ba lallai shi za a ɗauka ba. Masu yi wa zakara kirarin jarumta su yi haƙuri, jarumin yana duba ƙofar gudu kafin ya buɗe baki. Ni ban ga laifinsa ba.

Akwai ma wani na kwanan nan a 2023 da masu bincike a jami'o'in Bonn da Bochum na Jamus suka yi. Sun yi amfani da wannan halin nasa na kada ya yi kuka sai da ɗan uwa, suka sa masa madubi suka haska inuwar shaho a sama. In wani zakara ne na gaske a gefensa sai ya yi ta kuka, in hotonsa ne a madubi sai ya yi kaɗan ƙwarai kusan kamar yana shi kaɗai. Masu binciken sun ɗauki hakan a matsayin alamar yana iya gane cewa na cikin madubin ba wani bane. Ana iya jayayya kan fassarar, amma wanda yake kiran wawa da sunan kaza ya kamata ya ɗan sassauta.

Ita kuwa macen kaza bata cika yin kukan sama ba sai in tana da 'ya'ya, amma da zarar ta ƙyanƙyashe sai ta koma wata halitta daban. Maganarsu ma tun kafin a fito take farawa, a ƙarshen kwana 21 ɗin kwanci in ka kara kunne zaka ji tsiyu-tsiyu daga cikin ƙwan ita kuma tana amsawa ƙasa-ƙasa. Bayan sun fito, wannan kuk-kuk-kuk ɗin da take yi tana tafiya a hankali kiran ku biyo ni ne, ba tsoro a ciki. In ta yi wani gurnani mai ja can cikin maƙogwaro, kurrrr, to ku lafe take cewa. Kukan ɗan tsakon da ya ɓata ko sanyi ya kama shi kuma shi ne tsiyu! tsiyu! mai kaifi ɗin nan da baya tsayawa. Akwai wani tsohon gwaji da aka yi a Jamus da ake yawan kawowa a littattafan halayyar dabbobi, aka ɗaure ɗan tsako a bayan shinge inda uwar bata ganinsa amma tana jin kukansa, ta taso a fusace. Aka kife wani da murfin gilashi tana ganinsa yana ta fafutuka amma bata ji, ta ci gaba da harkarta. Kunne ne ke tayar da ita. A 2011 kuma a Jami'ar Bristol ta Ingila, Joanne Edgar da abokan aikinta suka riƙa hura wa 'yan tsaki 'yar iska a gaban uwarsu, suka ga bugun zuciyar uwar ya ƙaru, kiran da take musu ma ya ƙaru, duk da ita ba a taɓa ta ba.

Inda ake ruɗewa shi ne ƙyarƙyarar ƙwai. Kazar da ta sauko daga saka ƙwai kukanta ya yi kama da kukan ƙasa sosai, kut-kut-kut-kwaak ɗin nan dai, har zakara ya taya ta. In kunne kawai zaka bi zaka sha fita a banza. Bambancin yana jikin sauran kajin, in ƙwai ne ɗaya ce ko biyu ke yi, sauran suna ta tononsu ko birgima a ƙasa ko a jikinsu, kuma yawanci da hantsi ne kusa da wajen saka ƙwan. In maƙiyi ne kowa ya bar abin da yake yi, wuyoyi duk a sama. Haka kuma tuk-tuk-tuk ɗin da zakara ke yi da sauri yana ɗaukar abu yana yarwa yana sunkuyar da kai, wannan kiran abinci ne, kajin zasu rugo wajensa ne ba gudu daga wajen ba, kuma a nan ma yana taɓa 'yar ƙarya, wani lokacin ba komai a bakin nasa sai tsinke, so yake dai kazar ta matso. Sai gurnanin mai kwanci in ka kai hannu, ta kumbura gashi ta yi maka tsawa, wannan da kai take ba da kowa ba.

Gaskiya ne kuma zakara yana yawan yin kukan sama a kan abin da ba komai ba, tattabara ta gifta, jirgin sama, leda da iska ta ɗauko, wani lokacin ma ganye. Wasu daga nan suke yanke cewa ai shirme ne duka. Ni kuwa gani nake daidai ya yi, in ya yi kuka a banza asararsa 'yan daƙiƙu ne na kiwo, in ya yi shiru a inda ya kamata ya yi kuka asarar rai ce. Kuma a hankali zaka gane muryar naka, akwai ɗan gajeren da yake yi kai a karkace yana bin wani abu can nesa da ido, kajin su ɗan dakata su ci gaba, akwai kuma wanda in ya yi shi kansa a guje yake.

Dare kuma babi ne daban. Kaza bata gani sosai cikin duhu, in ta hau kan sanda ta kwanta to kusan bata da wata dabara, dan haka duk wannan tsarin na sama da ƙasa da rana yake aiki. Abin da zaka ji da dare shi ne fiffika da buge-buge a cikin akurki, ko kuma ihun wadda aka riga aka kama, kwaaak kwaaak mai tsawo mai ban tausayi, irin wanda take yi in ka riƙe ta a ƙafa. Wannan ba gargaɗi bane, aikin gama ya gama ko yana kan gamawa, ka ɗauki tocila ka fita kawai kar ka ce bari gari ya waye, kuma ka haska ƙasa kafin ka sa hannu ko ƙafa dan maciji ma yana zuwa neman ƙwai. Carar tsakar dare kuwa ita kaɗai ba alamar hatsari bace, zakara yana da agogonsa a jiki, masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan sun nuna haka a 2013, kuma hasken fitilar mota ko carar wani zakaran daga nesa ma tana tayar da shi. Maganin dare ƙofa ce mai rufuwa da waya mai ƙananan ramuka, ba kunne ba.

To me mutum zai yi da duk wannan? Babban abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne mafaka. Zakara zai yi nasa, uwa zata yi nata, amma in filin da kajin ke kiwo a share yake fetal ba ciyawa ba inuwa ba komai, an ce musu ku ɓuya ina zasu ɓuya? Mutane suna son wajen kajinsu ya yi tas, su sare duk wani ƙaramin itace su kwashe komai, su zaci gyara suka yi alhali shaho suka share wa hanya. Ba sai an kashe kuɗi ba, tsohon kwano da aka ɗora kan bulo, karyayyen tebur, rassan da aka jingina, shuke-shuke gajeru masu duhuwa, a warwatsa su yadda duk inda ɗan tsako yake taku kaɗan zai kai shi ƙarƙashin wani abu. Kwanon ruwa da na abinci ma a matsar da su kusa da mafaka, dan lokacin da kai yake sunkuye a kwano shi ne lokacin da ido baya sama. Sai dai a kula kada tulin ya zama mai toshewa har ƙasa, in ba haka ba ka gudu daga shaho ka gina wa maciji da ɓera gida, a bar shi a ɗage yadda zaka iya leƙa ƙarƙashinsa. Makonnin farko kuwa ni shawarata uwa da 'ya'yanta su zauna a wajen da aka rufa wa raga ta sama, a sake su in sun yi ƙwari. Sannan ga wanda ya tuna da maganar babban zakara da mafaka, ai kaga ko shi mai gadin sai ya ga yana da wajen shigewa yake sakin murya sosai.

Masu kawar da zakara dan yana damunsu da cara su ma su sani mai gadi suka sallama. Na san akwai inda zaman maƙwabtaka baya barin a ajiye shi, kuma a garken da ba zakara sau da yawa wata babbar kaza takan ɗan riƙa sa ido, amma ba ɗaya bane, irin wannan garken shi ya fi buƙatar raga. Zabi ma in akwai su suna da kwakwazon da ba mai iya barci a kansa, illa dai su komai sai sun yi masa ihu.

Koyon kukan ba wani abu bane mai wuya, kujera ce da haƙuri. Ka zauna a gefe ka yi shiru har su manta da kai, duk sanda ka ji sauti kar ka tsaya kan sautin, ka kalli kawunansu tukuna, sama suka kalla ko gefe, sun miƙe ne ko sun duƙa, sannan ka nemi abin da ya jawo. Waya ma tana taimakawa, ka ɗauki bidiyo ka sake kallo zaka ga abin da ya wuce ka. Amma dan Allah kar a mayar da shi wasa a riƙa kunna musu kukan shaho ana dariyar gudunsu, tsoratar da kaji a kai a kai yana taɓa cin abincinsu da ƙwansu, kuma abin da aka cika ji a banza akan saba da shi a daina kulawa. Kunnen ɗan Adam ma ba baya bane a wannan fannin, a 2024 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun kunna wa mutane kukan kaji, kusan kashi 69 cikin 100 suka iya gane wanne ne na jin daɗi wanne ne ba na jin daɗi ba, har da waɗanda basu taɓa kiwo ba.

Wani abu ɗaya da bai kamata a haɗa da duk waɗannan ba shi ne sautin ciwo. In ka ji kaji suna minshari ko tari ko atishawa, ko suna buɗe baki suna jan numfashi da ƙyar, ko garke duka ya yi sanyi kwana da kwanaki ba kuka ba tono sun takure, wannan ba shaho ba muzuru, a ware marasa lafiyar a nemi likitan dabbobi da wuri, balle in mutuwa ta fara yawa lokaci guda dan murar tsuntsaye ma haka take shigowa.

Roƙona gareka Malam Edita, in masu shafin noma da kiwo zasu sake yin bayani kan yadda ake gina akurki, a ce musu su haɗa da wajen kiwo na rana da mafakarsa, kar a tsaya kan ɗakin kwana kawai. In da hali ma a sa wani wakilinku ya ɗauko sautin kukan guda biyu da na ƙyarƙyarar ƙwai a haɗa wa masu bibiyarku ta waya, dan krriiii da kut-kut ɗin da na yi ta rubutawa anan iyakar abin da takarda zata iya ɗauka kenan.

Nagode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai kiwon kaji a bayan gida